Tela da Babbar Lema

Mutumin nan ba ya ɓoye maƙonsa, a fili yake yawo da shi. Yana tsugune gaban rumfar Lahsen a bakin ruwan Dakhla, inda ake sayar da tsofaffin lemomin da iska ke jan mutum da su a kan katako a saman ruwa. Siriri ne mai furfura, cikin gajeren wandon aro. Tela ne babu shakka, don yana murza yadin da yatsu biyu, yana leƙa ɗinki yana taɓe baki. Wataƙila ya daɗe yana hangen baƙi suna shawagi ta tagar shagonsa.

Bai taɓa riƙe lema ba. Amma da ya ji ƙarama da babba kuɗinsu ɗaya, sai ya auna su da kamu, ya rungumi babbar.

"Si Mbarek, ka ji tsoron Allah," in ji Lahsen. "Da nauyin mutum ake zaɓen lema. Wannan ta ƙato ce. Kai ko buhun gawayi ya fi ka nauyi. Iskar la'asar sai ta sauke ka a Muritaniya!"

"Yaro, ni za ka koya wa sayen yadi? In biya kuɗin bargo in tafi da hankici?"

Ya biya, ya sha ɗamarar da ake ɗaura igiyoyin lemar a jikinta. Iska tana tasowa, lemar tana cika, dugadugansa sun fara jan layi a yashi. Yana waiwayen masu shan shayi a inuwa.

"Bayin Allah, masu ƙiba biyu su zo su riƙe mini ƙafa. Kuma kada ku saki, ban iya ruwa ba."