Bugu Ɗaya na Albin Wodak

Shekara ashirin da shida Albin Wodak yana zaune a layin baya na ƙungiyar makaɗanmu a birnin Biyana, da fayafayan tagulla biyu a cinya. Ni ina gabansa kaɗan da babban gogena, don haka na san numfashinsa fiye da na matata.

Aikin Albin jira ne. Mawallafan zamanin nan sukan rubuta simfoni, wato dogon kiɗa mai tsawon awa ɗaya da kwata, su ba mu masu goge aikin da zai tsinke mana hannu, shi kuma su ba shi bugu ɗaya tak, a daidai inda kiɗa ya kai ƙololuwa. Ya miƙe, ya haɗa fayafayan, ya zauna. Matarsa Resi, mai sayar da kabeji a kasuwa, kullum takan gaya wa kowa cewa mijinta ne kaɗai a gari ake biya don ya ɗumama kujera. Abin yana cin Albin a rai, ko da yake dariya yake yi idan an faɗa.

Ka'ida ita ce mai jira ya ƙirga gaɓoɓin kiɗa a zuci har lokacinsa ya zo. Albin ya daina wannan tun yana saurayi. Ya lura cewa Prokop, mai busa ƙaho na uku, yakan juye ƙahonsa ya zubar da ruwan numfashin da ya taru a ciki gab da kowane babban tashi. Da Prokop ya juye, Albin ya miƙe. Dabarar ba ta taɓa ba shi kunya ba, kuma a gaskiya rabin layin baya da ƙahon Prokop muke rayuwa.

Ranar wata Lahadi da rana aka sa sabuwar simfoni, Albin ya lallashi Resi ta zo karo na farko. Ta sa hularta ta coci, ta zauna a can sama inda tikiti ke da araha. Abin da ba mu sani ba, Prokop ya kwana da mura.

Muna tsakiyar kashi na uku, wurin da komai ke lafawa, sarewa ɗaya ce ke kuka a hankali, tsofaffin mata suna share hawaye. Sai Prokop ya ji ƙahonsa ya cika da ruwa saboda murar, ya juye shi, minti biyar kafin lokaci. Na ji kujera ta motsa a bayana. Na so in juya, amma hannuna na kan goge.

Ƙarar da ta tashi, ban taɓa jin irinta ba. Mai sarewa ya kusa haɗiye sarewarsa. Shugaban makaɗa ya saki sandarsa ta faɗa cikin masu kallo. Mutum dubu biyu suka juyo suna kallon Albin, yana tsaye da hannu a buɗe kamar mai shanya zane. Da ainihin wurin bugunsa ya zo, ko motsi bai yi ba.

Kafin ya ɗaure jakarsa an sallame shi. Na fito da shi ta ƙofar baya, tausayi ya cika ni, ina neman abin da zan ce. Sai ga Resi ta ratso mutane, fuskarta ja, hula a karkace.

Ta ce, "Albin, ashe haka kake? Mutum tamanin suna ta ƙiƙi-ƙiƙi awa guda, barci har ya fara ɗaukata, kai kaɗai ka tashi gidan nan! Ka ga yadda kowa ya juyo?"

Ya gaya mata a hankali cewa an kore shi. Ta ce ai dole, wannan mai sandar ba zai iya jure a kalli wani ba shi ba. Ta karɓe jakar fayafayan da kanta, ta riƙe masa hannu.

Daga baya ya koma taya ta sayar da kabeji. Duk wanda ya tsaya a rumfar sai ya ji labarin ranar da hassada ta raba Biyana da babban makaɗinta. Wata rana na ja shi gefe na tambaye shi ko ba zai gaya mata gaskiya ba. Ya leƙa ta, tana auna wa wata kaya.

Ya ce, "Rufa mini asiri, abokina. Tunda muka yi aure ba ta taɓa kallona haka ba."