Rigar da Yaya Rabi ta Yanka wa Habsu

Bana shekara goma sha ɗaya ke nan da muka raka Yaya Rabi makwancinta, Allah ya jiƙanta. Ni ce ƙanwarta Tsahara, wadda ta fi kowa shan allurarta, don a jikina take gwada duk abin da ta yanka. Mutanen Maraɗi da suka san shagonta na bayan babbar kasuwa sun kasu biyu har yau. Wasu na cewa gwana ce da ta riga zamaninta, wasu kuwa in an ambace ta sai su yi a'uzu a ciki. Na zauna da ita fiye da su duka, kuma ban gama yanke wa kaina hukunci ba.

Abin da ya tayar mani da zancen shi ne ɗiyarta Habsu, wadda na riƙa tun rasuwar uwar. Ta gaji keken ɗinkin uwarta, ta yi karatun sana'ar a Yamai, yanzu ba ta yarda a ce mata tela sai dai stilis, wai mai tsara kaya da Faransanci. Kullum tana tura mani waya a fuska in ga abin da ake yayi a makon nunin kaya na manyan biranen Turai. 'Yan mata dogaye kamar karan gero, fuska a ɗaure, suna tafiya cikin riguna masu hannu ɗaya, kafaɗa ɗaya sama ɗaya ƙasa, an cusa auduga a baya ta yi tozo, ɗinki a waje zare na reto. Habsu na kallo tana lumshe ido. Ni kuwa sai in kau da kai, don na ga irin waɗannan riguna tun kafin a haifi masu sanye da su.

Yaya Rabi ba ta aiki da santimetar awo. Sai ta sa ka tsaya a tsakiyar shago, ta zagaya ka tana kallo har ka tsargu, sannan ta ɗauki almakashi ta shiga shadda ba ko alli. Kayan sallah da na biki tana yin su yadda kowa ke so, da su ake cin abinci. Amma lokaci-lokaci wani abu kan taso mata, ta bar aikin mutane ta yanka wata riga ga wani mutum takamaimai, rigar da ba ta zama a jikinsa ko kaɗan. In na yi mata tsiya na ce ta ɓata yadi, sai ta ce, "Tsahara, rufe mani baki. Hannuna ne ya tafi haka."

Sau ɗaya ta taɓa yin defile, wato nunin kaya a jikin masu tafiya, da la'asar, a wani zauren taro na matasa. Cikin waɗanda suka yi tafiyar har da Indo, wata doguwar yarinya 'yar Jiratawa da ke kawo tumatir da zogale kasuwa, Yaya ta gan ta ta roƙi iyayenta. Rigar Indo baƙin rini ce mai kyau har ƙasa, sai dai hannun hagu ya tsaya a gwiwar hannu, kuma an ɗinke bakinsa ruf. Dole ta naɗe hannunta a ciki kafin ta fito. Zauren ya ɗauki dariya, wani ya ce yadi ne ya ƙare wa tela. Yaya tana tsaye a bayan labule, ba ta yi dariya ba, ba ta kuma ji haushi ba. Na lura dai ta kasa kallon yarinyar.

Bayan 'yan shekaru igiyar injin ban ruwa ta kama hannun Indo a garkar babanta. A asibiti aka yanke shi, na hagu, daidai gwiwa. Labari ya iso kasuwa kafin azahar, kuma duk wanda ya yi dariya a zauren nan ya tuna. Mata suka riƙa aiko yara karɓar yadinsu ba a ɗinka ba. Wata gwaggonmu ta Tsibiri, wadda ba ta taɓa barin bori ba, ta hau kabu-kabu ta zo takanas ta ce akwai masu tsayawa a bayan Rabi in tana yanka, a kai ta gida a yi mata abin da ya kamata. Yaya ta ba ta ruwa, ta ba ta goro, ta ce ita sallarta ta ishe ta. Da gwaggo ta tafi na tarar da Yaya tana kuka a kan keke. Ta ce mani, "Wallahi ban ga komai ba. Da na gani ai da na hana ta zuwa garkar."

Na yarda da ita a ranar, kuma gaibu sai Allah, wannan ba na wasa da shi. Na riƙa gaya wa mutane dace ne kawai. Na yi faɗa da mata da yawa a kan haka, har da wadda na yi wa rashin mutunci a gidan suna, kuma ban yi nadama ba.

A ciwonta na ƙarshe ta yanka riga biyu. Ɗaya tawa ce. Na sa a gabanta, ƙirjin ya matse ni, ɓangaren dama a shafe yake sumul kamar rigar namiji. Na yi dariya na ce ciwo ya ci idon Yaya, na jefa ta ƙasan akwati. Ɗayar kuwa ta naɗe ta da kanta cikin tsohon zane ta ƙulle, ta ce ta Habsu ce, in ba ta ranar da ta tambaya. Habsu tana 'yar shekara sha huɗu a lokacin.

Shekara huɗu da suka wuce likita ya sami ƙari a mamana na dama, aka yi aiki aka cire shi. Da na warke, wata safiya ina neman abin da zan sa wanda ba zai nuna ba, hannuna ya kai ga rigar nan. Ta zauna mani kamar a jikina aka ɗinka ta. Na tsaya gaban madubi, na ji kamar Yaya na zagaya ni tana kallo. Tun daga ranar na daina faɗa da kowa a kan zancenta, kuma na ɗauke ƙullin Habsu na kai can ƙarshen ɗaki na ɗora masa buhunan gero.

Ku gane abin da nake tsoro. Yarinyar nan ita kaɗai gare ni, ban haifi tawa ba. In na kwance na ga hannu ɗaya, ko ƙafa ɗaya, yaya zan yi in ci gaba da kallonta? Abin da ya fi wannan hana ni sukuni shi ne in kwance in ga riga lafiya lau, daidai jikinta na yanzu, ba ragi ba ƙari. Na san abin da zuciyata za ta karanta a ciki, cewa kwananta ba zai wuce nan ba.

Watan jiya aka gayyaci Habsu makon nunin kaya a Yamai, ta ce da kayan uwarta za ta buɗe nata. Ta je Jiratawa ta aro rigar Indo, wadda ke sa ta har yau in za ta biki. Ta karɓi tawa. Sannan ta zauna gabana a tsakar gida da hantsi ta ce, "Inna, saura tawa." Na ce asu ya cinye. Ta ce in nuna mata abin da asun ya bari. Na ce ba ta da kunya, na ce Yamai ta lalata ta, na faɗi duk abin da ya zo bakina. Ta bar ni na gama, ta ce, "Inna, na san abin da kike tsoro, ni ma ina jinsa. Amma ta ce ranar da na tambaya, ga shi na tambaya."

Na janye buhunan na ɗauko. Ƙullin ya ƙi kwantuwa sai da muka sa almakashi. Rigar saƙi ce baƙa irin ta masaƙan Tsibiri, mai nauyi. Habsu ta zura ta, ni kuwa na rufe ido ina salati. Da na buɗe, na fara ƙirga hannuwa, biyu ne cif. Amma rigar ba ta zauna mata ko'ina ba. Gaba ya ɗage har ƙwauri, wuya ya zazzago gaba, hannuwan sirara sun matse ta, baya kuwa ya yi wani ƙaton buhu da ba komai a ciki.

Habsu ta yi tsalle ta ce wannan ai shi ake yi yanzu a Turai, uwarta ta riga su da shekara goma. Tana juyi gaban tagar ɗaki tana neman yadda za ta cika bayan, sai ta ranƙwafa, ta sauke kafaɗu, ta miƙa wuya gaba. Nan take rigar ta faɗa mata ko'ina daidai. Wadda na gani tsaye a tsakar gidana kakarmu ce ta Tsibiri, wadda ta ga jikokin jikokinta, ta tsufa har ba ta iya ganin sama sai ta zauna. Rigar tsohuwa ce tukuf. Na zauna a ƙasa na yi kukan da ban yi ba ko ranar jana'iza, Habsu na tambayata lafiya.

Ina tambayar kaina me Yaya za ta ce da ta ga abin da ake tafawa yau. Ina jin za ta taɓe baki ta ce sun karkata yadi a kan miƙaƙƙen jiki don a ɗauke su hoto, ba kowa a cikin rigar. Nata karkatattun kowace da mai ita, kuma ta biya su da tsada, ta mutu mutane na tsallaka titi don kada ta kalle su. Ban san me ke tafiyar da hannunta ba, ba kuma zan ce ta san gobe ba, Allah ya tsare ni. Abin da na sani, mace ce da ke kwance tana jin mutuwa, ta tashi ta yanka wa ɗiyarta rigar tsufa.

Habsu ta tafi da rigunan uku Yamai. Na ce ta nuna tata yadda take so, amma kada ta sayar ko nawa aka taya, ta dawo da ita ta sa mata kafur ta naɗe da kyau, don ajiyar za ta yi tsawo. Ni ba zan ga ranar da za ta yi mata daidai ba, kuma ban taɓa murnar rashin ganin wani abu kamar wannan ba.