Takardar da Ta Ƙare Kafin Sunan Iro

Kakata Dije ba ta fara tatsuniya sai an idar da sallar lisha, an kuma gyara mata wuta yadda take so. A gidanmu na Darini, kusa da Batsari, akwai wani gurbi nesa kaɗan da rumbun gero inda ake hura wutar lokacin ɗari, da karan dawa da guntayen itacen da mata suka rage wajen girki. Takan zauna kan tsohon buzun kakanmu ta miƙe ƙafafu, mu jikoki mu kewaye ta. Wanda ta zaɓa a ranar shi ke riƙe ɗan itacen tona wuta, shi ke zama jikin gwiwarta. In ta ce, "Na ɗauko ta, wa zai riƙe mani?" shi kaɗai ke da ikon cewa, "Ni ne, Kaka." Sauranmu sai mu yi shiru mu saurara.

Kusan kullum Iro take zaɓa. Iro ɗan goggona ne, taubashina, damina ɗaya aka haife mu. Ban ga abin da ya fi ni ba a lokacin. Allona ya fi nasa tsabta, malaminmu ma yakan ɗaga shi ya nuna wa yara, alhali rubutun Iro kamar kaza ta bi ta kan danshi. Amma duk tatsuniyar da Kaka ta yi da dare, da safe za ka ji Iro yana maimaita ta bakin rijiya, ya ƙara mata waƙar da babu ita jiya, mata su ajiye tulu suna dariya. Kaka tana kiransa angonta. Ni kuwa maigida take ce mani, maigida mai kumburin baki, kuma ba ta yi ƙarya ba.

Wata rana abin ya ishe ni, na ɗauke itacen tona wutar na cusa shi ƙarƙashin rumbu. Aka nema aka rasa. Kaka ba ta tambayi kowa ba. Ta dube ni, ta dubi rumbun, ta karya karan dawa ta miƙa wa Iro, sannan ta ce yau tatsuniyar ta maigida ce, in matso in ji da kyau.

Ta ce an yi wani gari da ruwa ya kwana bakwai yana sauka, har wutar kowane murhu ta mutu. Aka rasa inda za a ɗebo, yara suna kukan yunwa ga hatsi cike da rumbuna. A garin akwai wata mace wai ita Lanti, mai sauri, mai hannun da ba ya rawa, in ta ɗauki ƙwarya cike da nono ko ɗigo ba ya zuba. Ita aka aika nema. Ta ƙetare rafi ruwa har ƙirji, ta iske wata tsohuwa a bukka ita kaɗai, ta kife tukunya kan ɗan garwashi guda ta hana shi mutuwa. Tsohuwar ta raba garwashin biyu ta sa mata rabi a kasko. A al'adar garin, duk gidan da aka ɗebo wuta ana ambaton sunansa, kuma tuwon farko can ake kaiwa.

A hanya Lanti ta fara tunani. Ita ta shiga ruwa, ita ta ɗaga kasko bisa kai, amma gobe kowa zai ce wutar tsohuwar ƙetare. Da ta iso aka tambaye ta gidan wa ta samo, sai ta ce a wani kututture ta tsince ta, ba ta da mai ita. Wuta ta bi gida gida, aka yi tuwo aka ƙoshi. Rabin da ya rage wa tsohuwar bai kai safe ba, kuma ba wanda ya kai mata wuta ko tuwo, don ba wanda ya san da ita. Lanti kuwa tun daga ranar wuta ta daina ɗumama ta. Ta zauna bakin murhu kowa yana gumi, ita tana rawar ɗari.

Ban yarda da hukuncin ba, na kuma faɗa. Na ce ai Lanti ce ta ƙetare rafi.

"Ita ta ƙetare, maigida, ba wanda ya hana ta wagga," in ji Kaka. "Da ta hwaɗi duka biyun, da mutum biyu aka gode ma."

Iro ya tambayi sunan tsohuwar. Kaka ta ce ita ma ba ta sani ba, wadda ta gaya mata ba ta sani ba, Lanti ta bar shi can ƙetaren rafi. Ta shafa gwiwa ta ce ta ajiye tatsuniyar a nan, mai hannu ya ɗauka. Washegari na zaro itacen na mayar, amma don tsoron a gaya wa babana ne, ba don tatsuniyar ta shige ni ba.

Muka girma, Kaka ta rasu, muka yi karatu gwargwado. Na zama mai rubutu, ana kawo mani littafi in kwafa. Iro ya zama manomi mai 'yan shanu, yana haɗa waƙa a ka yana bin garke. A lokacin akwai wani zaure a Safana, na Malam Jatau, inda masu rubuta waƙa na yankinmu ke haɗuwa ranar Alhamis ta farkon kowane wata. Yinin tafiya ne daga wajenmu, kuma mukan jira ayarin fatake saboda mahara da ke fitowa ta dajin Rugu. Ba mu da yawa. Kowa ya zo da abin da ya rubuta a gafakarsa, ya rera, a gyara masa inda kari ya karye ko ƙafiya ta zame. A nan ake jin labarin waƙar wa ta kai birnin Katsina, ta wa aka ce an ji a Sakkwato, wa ya samo ƙaro mai kyau na haɗa tawada. Takarda kuwa sai ta ƙetaro hamada kafin ta iso mu, don haka Malam ke ajiye ta, shi ke rabawa.

Shekara da shekaru ina kai waƙoƙina zauren nan. Kari daidai, ƙafiya daidai, ba a taɓa kama ni da kuskure ba. In na gama Malam ya karɓi takardar ya kai ta kusa da ido ya ce, "Madalla da wanga hannu, Malam Sule." Hannu kullum. Ban taɓa jin ya ce madalla da waƙa ba. Iro kuwa ni ke rubuta masa nasa, ya zauna a ƙofar ɗakina yana faɗa ina sawa, har in gyara masa inda ya yi tuntuɓe.

Shekarar da goggo, uwar Iro, ta rasu, ta bar rumbunta cike ba ta ci ko damin farko ba, Iro ya yi waƙa a kan rumbun. Tun ina rubuta ta na san abin da na riƙe. Da ya rera a Safana ba wanda ya yi gyara, ba wanda ya yi tari. Malam Jatau ya sa bakin rawaninsa ya share ido. Ya ce wannan ta fi ƙarfin zaurenmu, zai aika da ita wurin wani babban malami a birni ya yi mata tahamisi, wato ya ƙara layi uku a kan kowane baiti nata ya zama biyar. Wannan ita ce girmamawar da ta fi kowace, kuma ba wanda ya taɓa samunta a cikinmu. Na yi wa Iro barka da baki kawai. Na yi baƙin ciki, babu wani suna da zan ba abin.

Malam ya zaro takarda uku masu kyau ya ba ni, ya ce in yi kwafin da za a kai, tun da babu hannu kamar nawa. A ƙa'idarmu mai waƙa yana sa sunansa da na garinsu a baitin ƙarshe, don duk inda ta je a san mai ita. Baitin ƙarshe na waƙar rumbu yana ɗauke da Iro na Darini.

Ban goge komai ba, ban kuma sa sunana ba. Abin da na daɗe ina gaya wa kaina ke nan. Na dai fere alƙalami da ɗan kauri. Na ja haruffa suka yi tsawo, na buɗe tsakanin layi da layi, na bar gefe mai faɗi na yi masa ado da jar tawada. Mai rubutu ya san inda takardarsa za ta ƙare tun daga layin farko, kamar yadda mai tuwo ta san gejin garinta. Tawa ta ƙare daidai kan baitin da ke gaban na ƙarshe. Ban taɓa yin rubutu mai kyan wannan ba, kafin nan ko bayan nan. Idon Malam ya riga ya yi rauni, ya duba shafin farko ya sa albarka, aka naɗe aka ba fatake.

Damina biyu ba labari, har Malam Jatau ya rasu. Sai wata ranar kasuwar Batsari, ni da Iro muna tsaye wajen masu gishiri, muka ji wani makaho yana rera waƙar rumbu, da layukan tahamisi a jikinta. Mutane sun taru, wata mai fura tana kuka. Da ya zo ƙarshe ya ambaci sunan malamin birni, wanda ya faɗi gaskiya a baitinsa cewa bai san mai asalin ba. Amma mutane ba su riƙe wannan ba, waƙar malamin birni kawai suke cewa. Iro ya matsa ya tambayi makahon ko babu wani baiti da ya manta. Makahon ya rantse iyakarta ke nan.

Mun yi nisa a hanyar Darini kafin na buɗe baki. Na ce takarda ce ta ƙare, na yi niyyar gaya masa na manta.

 Iro ya ce, "Ukku Malam ya ba ka, Sule."

Na ce uku ne.

"Wadda ka rubuta mani ta hwarko, a biyu da rabi ta shige."

Iyakar abin da ya faɗa ke nan. Bai kai ƙarata zaure ba, bai gaya wa matarsa ba. 'Yan zauren sun san waƙarsa ce, sun yi ta faɗa, amma wa zai saurari mutanen ƙauye a kan abin da ya fito daga birni? Na so ya zage ni ko ya daina zuwa wurina, da na sami abin riƙewa. Bayan wata biyu sai ga shi a ƙofar ɗakina da sabuwar waƙa, ya zauna inda ya saba. Na tsoma alƙalami, ya ce, "Hwara da na ƙarshe, taubashi." Haka muka yi ta yi har ya bar duniya, sunansa a sama, waƙa a ƙasa. Wasan taubasai ne a kunnen kowa, ni kaɗai na san nauyinsa.

Ina yaro na ɗauka tatsuniyar Kaka a kan ƙarya take, wai kada a yi ƙarya. Sai da na tsufa na ga ba nan ta tsaya ba. Lanti tana da nata rabon na gaskiya, hannun da ba ya rawa, kuma ba don shi ba da wutar ba ta iso gari ba. Raina shi ta yi don ba shi ne garwashin ba. Ni ma da na cika baitin nan, da na rubuta a ƙasa cewa Sule ne ya kwafa, kamar yadda masu rubutu ke yi, da sunayenmu biyu sun shiga birni tare. Yanzu waƙar rumbu ta kai inda ban taɓa zuwa ba. Mata suna yin ta wajen daka, an yi ta ranar da aka binne matata, kowa ya sami sanyin zuciya. Ni in na ji ta sai in nemi hanyar fita. Na yi mata kwafi da yawa da baitin ƙarshe a cike, na raba wa duk wanda zai karɓa, amma ta riga su nisa. Kuma ba zan ɓoye ba, har yau in na zo wani layi a tsakiyarta, inda yake maganar ludayin goggo da ke rataye, sai in ji abin nan ya motsa, don me ba ni na yi shi ba.

Yanzu ni ke zama kan buzu lokacin ɗari, jikoki su kewaye ni. Ban iya tatsuniya kamar Kaka ba, amma ta Lanti ina yi musu duk shekara. Bara wata ƙaramar jikata, Hajjo, ta tsayar da ni ta tambayi sunan tsohuwar da ta ba da garwashin.

Na ce sunanta Iro na Darini.

Suka fashe da dariya, suka ce Kaka ya ruɗe, ai wannan sunan maza ne. Na ce na ji, su dai riƙe shi haka. Na sa suka maimaita sau uku kafin na bar su suka tafi kwanciya.