Inna da Mai Shaƙuwa

Shekarar da Inna ta zo Doha a cire mata yanar ido, na riga na kamu da wani ciwo da ban taɓa gaya wa kowa a gida ba: sauraron matan da ke waƙa da Faransanci. Ko kalma ɗaya ba na ji. Wata abokiyar aikina ce 'yar Tunisiya, da muke ɗakin magani tare a asibiti, ta shafa mini shi, lokacin da take rage mini hanya kafin in samu lasisin tuƙi. Akwai ɗaya daga cikin mawaƙan da ta fi shiga raina. Ba ta da makaɗa. Da bakinta take komai: ta ja numfashi, ta ƙyasta harshe, ta bugi ƙirji, sannan ta ɗora muryarta a kan muryarta har ka rantse mata biyar ne a ɗakin.

Ranar da na ɗauki Inna zuwa kasuwar kayan miya ta Abu Hamour, na manta wayata na haɗe da mota. Ina tayar da injin, sai ga baiwar Allah ta fara jan numfashinta.

Inna ta juyo ta dube ni da idon da ke gani.

"Ke 'yar nan, wace ce wannan?"

"Wata mawaƙiya ce, Inna. Bari in kashe."

"A'a, bar ta tukuna." Ta ƙara kasa kunne. "Shaƙuwa take yi. Ba wanda zai ba ta ruwa?"

Na ce ai salon waƙar ke nan. Ta ce ita dai a Funtuwa in yarinya ta yi haka, jiƙo ake nema mata. Muka shiga kasuwa, ta taɓa tumatir, ta raina attaruhu, ta yi ciniki da wani ɗan Bangaladash da Hausa zalla har ya rage mata. Da muka dawo mota na sa karatu.

Bayan aikin ido likita ya kafa mata dokoki. Ba talabijin, ba sunkuyo, ba zuwa kusa da murhu. Matar da ba ta taɓa wuni a zaune ba sai ga ta a kujera da auduga a ido, ni ina wurin aiki, maigidana yana can matatar gas, yara suna makaranta. Carbi ta ja har ta gaji. Labarai ta ji har ta haddace su. Wata la'asar na dawo, ina cire takalmi, ta ce:

"Ina mai shaƙuwar nan? Ta warke?"

Na kunna mata. Ta jingina, ta rufe ɗaya idon ma. Can sai na ga yatsanta yana bugun hannun kujera.

"Wannan ta san daka," in ji ta. "Ji yadda take saukar da taɓarya ta ba 'yar'uwarta wuri. Lugude ne wannan, turmin ne kawai babu."

Daga ranar ta zama 'yar gida. Inna ta raba wa muryoyin matsayi: mai kaurin ita ce uwar ɗaki, siririyar ƙanwarta ce, akwai kuma wata marar kunya da ke shigowa ba sallama. Na yi ta bayani cewa mace ɗaya ce. Ta ce in bar ta da iliminta.

Akwai waƙar da ta fi so, wadda a cikinta ake ta maimaita wani abu kamar "tudu, tudu". Inna ta gina labari a kai. Yarinyar, in ji ta, ta ɗauko ruwa ne daga rafi, tulu a ka, ga tudu a gabanta, shi ya sa take haki. Har amshi ta yi mata: in mawaƙiyar ta ce tudu, Inna ta ce "sannu, 'yar nan". Yarana suka ɗauka. Har ta kai ƙaramin in zai hau bene sai ya tsaya yana haki yana jiran a yi masa sannu.

Ranar Juma'a abokiyar aikina ta zo duba ta da kwalin dabino. Inna ta sa na zaunar da ita, na zama tafinta.

"Tambaye ta, wane tudu ne wannan yarinyar take hawa?"

Na juya tambayar. Abokiyar tawa ta saurari waƙar, ta fashe da dariya har mayafinta ya zame. Ta ce ba tudu ba ne, kalmomi biyu ne na Faransanci, ma'anarsu "a hankali, a hankali". Saurayi ake gaya wa ya daina gaggawa.

Na fassara ina jiran Inna ta ji kunya. Ta gyara zama.

"To ai maganata ce. Wa ya taɓa hawan tudu da gudu?"

Da na mayar wa baƙuwar, ta ɗaga hannu biyu. "Khalas, shi ke nan, Mama ta fi ni Faransanci."

Suka wuni tare, ba mai jin yaren wata, suna tafi suna ƙyasta harshe. Inna ta koya mata guɗa. Maƙwabcinmu ɗan Masar ya ƙwanƙwasa ƙofa yana tambaya ko haihuwa aka yi.

Da ido ya washe, lokacin komawa ya yi, ta miƙo mini 'yar wayarta mai maɓallai ta ce in zuba mata yarinyar a ciki. Na ce me za ta gaya wa mutane in sun ji? Ta ce za ta ce likita ne ya rubuta mata.

Bayan wasu makonni na kira gida. Tun kafin mu gama gaisawa nake jiyo hakin nan a tsakar gida, da muryoyin mata suna amsawa da sannu. Sai Baba ya karɓi wayar, ya yi gyaran murya irin na mai shirin faɗa.

"Ke, wannan Baturiyar da kika haɗo mu da ita," ya ce, "waƙarta ɗaya ce tak a duniya? In tana da wata, ki turo. Wannan ta ishe mu."