Keke daga Paris zuwa Lyon

Wata Alhamis ce a farkon watan Yuli na 1991, bayan la'asar, a bayan kantin atamfa na wani Alhaji ɗan Maraɗi a unguwar Château Rouge ta Paris. Mu uku ne: Alhajin, da ni, da ɗan kawuna, wanda muke wasan taubasantaka da shi tun muna Damagaram. Takardunsa na zama sun ƙare tun bara. Matarsa tana Bron, gefen Lyon, wurin gwaggonta, ta haihu ranar Talata, suna kuma ya kama Talata mai zuwa. Yana so a raɗa wa ɗansa suna yana wurin.

A makon nan an tare mutum biyu daga unguwarsu ta La Courneuve a tashar jirgin ƙasa, an tambaye su takardu, ba su dawo ba. Shi ya sa bai yarda ya kusanci tasha ba. Alhaji ya nemi mai mota a cikin 'yan kasuwa, kowa ya kawo uzuri.

Ni a lokacin ina shirya wa rediyo wani ɗan shiri kan asalin babban tseren keke na Faransa. Don in rage nauyin zaman, sai na karanta musu abin da na rubuta. Wata jarida ce ta ƙirƙiro tseren a 1903 don ta samu masu saye. Zangon farko daga bakin Paris ne zuwa Lyon. Hanya ba kwalta, keke mai nauyi, ga tafiya har cikin duhu, wanda kekensa ya lalace shi zai gyara da hannunsa. A shekara ta biyu an watsa ƙusoshi a hanya, an doki wasu mahaya, wasu kuma aka kama su sun yi ha'inci sun shiga jirgin ƙasa.

“Waɗanda suka shiga jirgin, ai masu takardu ne,” in ji ɗan kawuna.

Alhaji ya yi dariya har da tari.

“Malam na rediyo,” ɗan kawuna ya ce da ni, “su waɗannan mutanen, wa ya tare su a hanya ya ce su nuna takarda?”

“Ba wanda ya tare su.”

“To, ka gani.”

“A keke za ka tafi?” na ce. “Kai da ko Mirriya, nan kusa da Damagaram, ba ka taɓa kaiwa a keke ba sai da aka turo ka?”

“Bawa ba ya yi wa ubangidansa gori,” ya ce. Haka yake kirana tun muna yara, ni ma haka nake kiransa.

Na ɗauka zancen ya ƙare a nan. Ranar Juma'a da yamma Alhaji ya kira ni ya ce keken da ake kai kaya da shi ba ya nan, ɗan kawuna kuma ya bar saƙo cewa ya kama hanya tun asuba, da burodi da dabino da babbar rigar suna a cikin jaka.

Ba mu sake jin ɗuriyarsa ba sai ranar Laraba, ta wayar wurin da ake tsare waɗanda za a mayar gida. Muryarsa ta dushe. Ya ce kwanakin farko ya bi ƙananan hanyoyi, yana kwana a gefen gonaki, cinyoyinsa duk sun saɓule. Ranar Litinin da hantsi ya fito daga wata hanyar gonar inabi ya hau kwalta, sai ya ga babu mota ko ɗaya. Ya yi hamdala, ya ce Allah ne ya share masa hanya.

Tseren shekarar daga Lyon ya tashi, ya nufo arewa. Hanyar da ya hau an rufe ta ne saboda mahaya, shi bai sani ba.

“Ina shiga wani gari sai ga mutane dama da hagu, da kujeru da tutoci,” ya ce. “Suka yi ta tafa mini. Wata tsohuwa ta miƙo mini ruwa, na karɓa. Wani ƙato ya bi ni da gudu yana tura ni ta baya yana dariya. Yaya, tun da na zo ƙasar nan ba a taɓa tafa mini ba.”

Bai taɓa ce mini yaya ba sai ranar.

Jandarma a kan babur ya zo ya ce ya sauka daga hanya, ba da faɗa ba. Ya sauka. Sai jandarman ya dubi jakar, ya dubi ƙafafunsa, ya ce bari ya ga takardunsa. Suna tsaye a gefen hanya mahayan suka wuce, ɗan kawuna ya ce bai ga fuskar ko ɗaya ba, sai iska da ƙarar sarƙa.

“An yi sunan?” ya tambaye ni.

“An yi jiya. Na je, ni na tsaya maka.”

“Yaron da wa ya yi kama?”

Na ce masa da shi ya yi kama, ko da yake jinjiri ne, bai yi kama da kowa ba tukuna.

Shirin nawa ya fita ranar Asabar kamar yadda na rubuta shi. A mako na gaba aka sa ɗan kawuna a jirgin Yamai. Yaron ya fara ganin ubansa ne yana ɗan shekara shida.