Kyautar Masar da Aka Yi Mana a Hanyar Jidda

Riyad, ranar Talata

Ƙarfe biyar da rabi, muna idar da sallar asuba, muka fito daga ɗakina na unguwar Aziziya, ni da matata Maman Sadiya da akwati biyu. Nawa ƙarami ne. Nata kuwa sai da na dafa gwiwa kafin na ɗaga, don atamfa bakwai ta zuba a ciki saboda tafiyar kwana uku.

Shekarata tara ina tuƙa motar kayan gwari a kasuwar Aziziya, kuma a shekarun nan babu alƙawarin da na fi maimaita wa matar nan kamar na teku. Mutuniyar Katsina ce, ruwan da ta sani bai wuce na dam ba. Da Allah ya kawo ta Umra bana da bizar wata uku, na ce wallahi ba za ta koma ba sai ta kwana a kan ruwa. Na biya riyal dubu biyu da ɗari huɗu a jirgin shaƙatawa da ke tashi daga Jidda ya je Yanbu, ya tsaya a wani tsibiri, ya dawo. Da gangan na zaɓi wannan, don duk a cikin Saudiyya yake yawonsa. Ita kuma tun ranar ta sanar da matan unguwarsu kaf cewa su saurari hotuna.

Bas ta tashi shida da rabi daidai. Kusan kilomita dubu ne a gabanmu.

Kuwai'iyya

Wajen ƙarfe tara muka tsaya karin kumallo. Na sayo gurasar tamis biyu da wake da shayi, riyal goma sha ɗaya. Ina kai loma ta biyu baki saƙo ya shigo wayata daga kamfanin jirgin, da hoton balan-balan a samansa. Wai mabruk, suna taya mu murna, an ɗaga darajar tafiyarmu: an cire Yanbu, jirgi zai kai mu gaɓar Masar, kuma ba za mu ƙara ko riyal ɗaya ba.

Na karanta wa Maman Sadiya. Ta yi guɗa a hankali cikin mayafi, ta ce, "Baban Sadiya, har Masar? Kai, Allah ya yi wa mutanen nan albarka!" Ni ma, wawan banza, baki har kunne.

A teburinmu akwai wani dattijo ɗan Maraɗi, Malam Isuhu, mai gadin wani gini a Jidda, wanda muke bas ɗaya da shi. Ya ajiye kofinsa ya ce, "Ɗan'uwa, wace irin biza Hajiya taka riƙe?"

Na ce ta Umra.

"Shiga guda?"

"Shiga guda."

Ya girgiza kai. "To ran da jirgin ga ya bar ruwan Saudiyya, an buga mata hita ke nan. In ya dawo Jidda kowa shi sauka, ita ba ta sauka. Kai kanka, kafilinka ya yi maka takardar hita da komowa?"

Kafilina, wato mai gidan da takardar zamana ke hannunsa, yana can jeji da raƙumansa, wayarsa a kashe tun Asabar. Na ture kwanon waken gefe. Maman Sadiya ta dube ni ta ce, "Wato za su bar ni a jirgi ina yawo kamar ma'aikaciyarsu?"

Tsakanin Kuwai'iyya da Ɗa'if

Na kira kamfanin sau tara. Na'ura ce ke ɗauka: danna ɗaya don Larabci, biyu don Turanci, uku don maido da kuɗi. In ka danna uku sai ta sa maka kiɗa. Kiɗan nan na haddace shi tsaf, har Malam Isuhu ya fara kaɗa ƙafa.

Bayan Azahar muka iske shingen 'yan sanda. Wani saurayi mai kaki ya shigo, ya karɓi igamata, wato katin zamana a ƙasar, ya juya ta, ya duba fasfon Maman Sadiya. Na ga dama ta samu, na ce, "Ya shehu, in jirgin ruwa ya leƙa Masar ya dawo, fita ce?" Ya dube ni, ya dubi hamadar da ke ta taga, ya ce, "Ina jirgin ruwa a nan?" Ya miƙo mini katina ya sauka.

A Ɗa'if muka ci shinkafar kabsa da rabin kaza, riyal ashirin da biyar. Ni ban ci ba sosai. Ita ta cinye nata, ta ja nawa.

Jidda, ranar Laraba

Mun iso bayan Magariba, Malam Isuhu ya nuna mana wani masauki na riyal casa'in, fankarsa na kuka amma zanen gadon wankakke ne. Washegari ƙarfe takwas muna ofishin kamfanin a kusa da tashar jiragen ruwa. Jirgin zai tashi biyar na yamma. Ta taga ana hango shi, fari fat, ya fi asibitin da aka haifi Sadiya tsawo.

Yarinyar da ke teburin farko ta saurare ni har ƙarshe tana murmushi. Ta ce, "Amma ai ba mu soke tafiya ba, mun inganta ta ne."

Na ce, "Kun inganta ta har ta fi ƙarfinmu. Ku ba ni kuɗina."

Ta ce ana maido da kuɗi ne ga wanda ya janye kwana goma sha huɗu kafin tashi. Na ce jiya kuka canza hanya, ina tsakiyar cin wake! Ta ce ƙwarai, shi ya sa lokacin ya wuce. Jama'a, ku ji wata magana!

Sai ta kawo shawara: in an isa Masar, Hajiya ta zauna a ɗaki kada ta sauka, shi ke nan ba ta fita ba. Na ɗauki maganar nan da zafinta na tsallaka titi zuwa tagar jami'an fasfo. Jami'in ko ɗago kai bai yi ba. Ya ce hatimin fita a nan ake buga shi kafin a taka jirgi, ko a ƙarƙashin gado za ta kwana. Na koma wa yarinyar. Ta ce wannan kuma matsalar biza ce, kuma biza alhakin fasinja ce, yana rubuce a shafi na shida. Na sake tsallakawa. Sau huɗu na ƙetare titin nan cikin rana, har mai sayar da ruwa ya daina tallata mini, yana ganina sai ya miƙo.

Ƙarfe ɗaya na ce sai na ga mudir, wato shugaban ofis. Aka shigar da mu. Mutum ne mai fara'a, ya ba mu dabino da gahawa, ya dafa ƙirji ya ce zuciyarsa ta karye saboda mu. Kuɗi dai, ya ce, na'ura ba ta da maɓallin fito da su. Amma saboda mutuncin Hajiya zai yi abin da bai taɓa yi ba. Ya buga wata takarda mai ruwan zinare: tikitin tafiya kyauta, da sunanmu mu biyu, ba a sayarwa, ba a ba wa wani, yana aiki a kakar baɗi.

Na ce, "Mudir, saura kwana goma sha tara bizarta ta ƙare. Baɗi tana Katsina."

Ya ce mafi mushkila, wato ba matsala, ai baɗi jirgin ma ba a nan zai kasance ba, Turai za shi. Sai mu nemi bizar can mu same shi.

Na miƙe zan yi abin da zai sa a kore ni daga ƙasar, Maman Sadiya ta riƙe mini gefen riga. Ta karɓi takardar da hannu biyu, ta kwashe sauran dabinon ta zuba a jaka, ta ce, "Mu je, Baban Sadiya."

Bakin teku

Kunya ce ta kama ni, ba fushi ba. Shekara tara ina cika baki, ga ruwa ga jirgi, na kasa kai matata. Muka ɗauki tasi zuwa arewacin gari inda masu ƙananan kwale-kwale ke ɗaukar mutane, riyal talatin kowane kai, minti ashirin. Ta canza atamfa a masallacin mata, ta fito da shuɗiyar da ta tanada don ranar farko.

Minti biyar na farko ta yi ta salati tana dariya, na ɗauke ta hoto goma sha biyu. A minti na shida kwale-kwale ya hau igiyar ruwa ya sauko. Dariya ta ɗauke. Ta damƙe hannuna, ta sunkuya gefe, dabinon mudir ya koma teku gaba ɗaya. Can nesa babban jirgin ya busa ƙaho yana fita.

Da muka taka ƙasa ta zauna a kan dutse, ta goge baki, ta ce, "Kwana uku ka so ka yi mini haka? Allah ya saka wa kamfanin nan da alheri."

Na ce in ta sake yi musu addu'a a gabana a ƙafa za ta koma Riyad.

Komawa, ranar Alhamis

Bas ɗin bakwai na safe muka biyo. Har muka wuce Ɗa'if fuskata a murtuke, ina ta juya takardar zinaren nan. Sai ta zare ta daga hannuna ta sa a jaka, ta ce, "Ka daina ɓata rai. Tun da aka ɗaura mana aure, yaushe muka taɓa zama kafaɗa da kafaɗa awa goma sha biyu, ba kasuwa, ba mai gida na kira? Ga shi na samu sau biyu." Ta jingina kai a kafaɗata ta yi barci har Kuwai'iyya. Hannuna ya mutu, ban motsa ba.

Mun shiga Aziziya ana kiran Isha'i. Alhamdu lillahi da ya kai mu ya dawo da mu lafiya. Na gode wa Malam Isuhu, wanda ba don shi ba da yanzu matata na can tana zagaya Bahar Maliya. Kuɗina har yau suna wurin mudir. Takardar kuma tana Katsina, an sa mata gilas an rataye a falo kusa da hoton shuɗiyar atamfa, wanda na ɗauka a minti na huɗu.