Ƙwallon Allah Ditta Ba Ta Ƙarya

Duk ƙauyukan da ke kewaye da birnin Sialkot an san wani mutum mai suna Allah Ditta da ɗinkin ƙwallo, an kuma san shi da taurin kai. Tun yana saurayi yake jan zare da basilla, har yatsunsa suka karkace. Da masana'antu suka koma manna ƙwallo da gam, sumul babu ɗinki, sai ya rantse ba za ta shigo masa gida ba.

"Wannan ai kankana ce," haka yake cewa a teburin mai shayi. "Tawa ba ta ƙarya. Inda ka aike ta, nan za ta je."

Da ƙwallonsa ya raini ɗansa Shafqat har ya zama mai tsaron raga. Kullum da la'asar suna bayan gonar alkama, uba na bugawa, ɗa na cafewa. Ƙwallo mai zurfin ɗinki sak take tafiya a iska, don haka tun daga ƙafar mai bugu Shafqat ya san inda za ta sauka.

Da wata ƙungiya a Lahore ta kira shi gwaji, uwarsa Rashidan ta ce, "Baban Shafqat, ka sayo masa irin tasu ko guda ɗaya, hannunsa ya saba."

"Ke dai gasa mana gurasa. Wanda ya iya kama ta gaskiya, kankana ce za ta gagare shi?"

Maimakon haka sai ya zauna ya ɗinka sabuwa fil, wai tsarabar koci, ya sa a jaka.

Ranar gwaji Allah Ditta yana tsaye a bayan wayar da ta kewaye fili. Aka ɗirko ta farko daga nesa, irin mai gam ɗin nan. Ta nufo ƙirjin Shafqat, sai ta yi rawa a iska, ta zille ta gefen kunnensa. Ta biyu ta yi kamar za ta haura sama, ta nutse. Daga nan Allah Ditta ya daina ƙirge. Abin da ya fi ci masa rai, yaron bai yi kuskure ko ɗaya ba, duk abin da ya koya masa shi yake yi. Ya so ya ƙwala masa kira ya ce ga ta inda za ta biyo, amma shi ma bai sani ba. Tausayi ya kama shi, ya riƙe waya har ta shata masa tafin hannu.

Koci ya dafa kafaɗar Shafqat, ya ce Allah ya sa rabonsa na gaba.

A motar komawa har sun yi nisa. Can Shafqat, idonsa na kan taga, ya ce, "Abba, wallahi duk inda taka za ta zo, ina wurin."

Allah Ditta ya dubi jakarsa. Tsarabar koci tana nan cikin jaka a kan cinyarsa.